Tambarin zaki ba shaida ba ne: waya da giyar tsohuwar Fijo a Ƙofar Ruwa

Duk matashin da ya taɓa fasa gilashin wayarsa ya kai ta Farm Centre ko Beirut Road ya san tambayar da mai gyara ke fara yi: orijina za a sa ko kwafi? Ya kuma san cewa amsar da ake bayarwa ba kullum take zama gaskiya ba, domin wani lokaci bayan mako biyu sai gilashin ya fara ƙin jin taɓi, ko kalarsa ta dusashe. Irin wannan ciniki ake yi kullum a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke maƙwabtaka da Gwammaja a ƙaramar hukumar Dala. Sai dai a can abin da ake tayawa giyabos ne da sandunan giya na tsofaffin motoci, ciki har da Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Hasarar ma ba iri ɗaya ba ce. Gilashin jabu kuɗi kawai yake ci. Sandar giyar da ba ta dace ba kuwa tana iya sa giya ta fice ta koma firi daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela a hanyar Zariya, ga fasinjoji cike da mota.

A 'yan shekarun nan waya ta shigo cikin wannan ciniki. Mai mota yana zaune a gida ake turo masa hoton ƙarfe ta WhatsApp, ya ga tambarin zaki a jiki, ya tura kuɗi. Wani ya ɗora hoton a Google Lens, wani ya tambayi manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira, ta ba shi lamba da suna cikin daƙiƙa biyu. Duk wannan yana kama da bincike, amma yawancinsa ruɗin kai ne. Waya ba za ta iya tantance ƙarfen asali daga hoto ba, saboda bayanan da za ta dogara da su ba su cikin intanet. Suna cikin kawunan tsofaffin kanikawa da 'yan kasuwa, waɗanda shekaru ke ta ja. Aikin da ya dace da matasa masu waya shi ne su tattara waɗannan bayanai tun masu su na raye, maimakon jiran manhaja ta yanke musu hukunci.

Motar da ta ƙi tafiya

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda a lokacin yana cikin tseren da suka fi karya mota a duniya. A wannan shekarar ce kuma masana'antar PAN ta fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Daga zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, Fijo ta zama motar jami'an gwamnati, sannan ta zama motar malamin makaranta da ya samu rancen mota, motar 'yan sanda, motar asibiti, da motar haya tsakanin Kano da Katsina, Sakkwato da Maiduguri. An daina ƙera ta a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Nijeriya na cikin ƙasashen ƙarshe da suka rufe layinta a duniya.

Wannan doguwar rayuwa ita ce tushen rikicin kayan gyaranta. Motar da aka yi kusan shekara arba'in ana ƙerawa a ƙasashe daban-daban, daga Faransa zuwa Ajantina da Kenya da Nijeriya, ba za ta zama iri ɗaya ba. Akwai mai giyar sitiyari, akwai mai giyar ƙasa. Akwai mai giya huɗu, akwai mai biyar. Akwai mai injin fetur na lita 1.8 da na lita 2, akwai mai dizal. Akwai salun, akwai wagon, akwai a-kori-kura, kuma tsarin ƙafafun bayansu ba ɗaya ba ne. Ga kuma ƙanwarta 505, wadda ita ma aka harhaɗa a Kaduna, tana amfani da dangin giyabos ɗin da 504 ke amfani da shi, wato wanda Peugeot ke kira BA7. Saboda haka mutum na iya riƙe ƙarfe na gaskiya, wanda Peugeot ta ƙera da hannunta, amma ya kasance ba na motarsa ba ne.

Yau masu Fijo a Kano kashi biyu ne. Akwai wanda take ciyar da shi, yana dakon kaya ko fasinja zuwa kasuwannin ƙauye. Akwai kuma matashin da ya gaji ta mahaifinsa ko ya saya don sha'awa, yana so ya mayar da ita yadda ta fito. Na farko yana neman abin da zai kai shi gida lafiya, na biyu yana neman abin da ya dace da tarihi. Dukkansu kalma ɗaya suke furtawa a gaban shago, wato orijina, kuma a nan ake fara saɓani.

Orijina kala uku

Idan aka saurari ciniki da kyau, za a ji cewa kalmar tana ɗauke da ma'ana uku. Ta farko ita ce ƙarfen da motar ta fito da shi daga masana'anta, wanda ba a taɓa cire shi ba. Ta biyu ita ce ƙarfen da Peugeot ko kamfanonin da ke yi mata aiki suka ƙera, ko sabo ne da ya daɗe a ajiye, ko an ciro shi daga wata motar da aka yanka, irin wanda ake kira Beljiyam ko ɗan Kwatano. Ta uku, wadda ta fi yawa a bakin masu sayarwa, ita ce duk abin da ya shiga ya yi aiki.

Mai shago zai iya rantsuwa cewa kayansa orijina ne yana nufin ma'ana ta biyu, mai saye kuma ya ji ta farko, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Matsalar tana ƙaruwa ne idan aka zo ga kayan da aka yi wa kwaskwarima: sandar da ta karye aka yi mata walda aka goge aka fesa fenti, ko sabon ƙarfe mai araha da aka zuba cikin leda mai tambarin zaki. Buga tambari a leda ko kwali ba ya buƙatar komai sai firinta. Wanda ya san yadda ake sayar da cajar waya ta jabu a cikin kwalin da ya fi na asali kyau bai kamata tambari ya ruɗe shi a Ƙofar Ruwa ba.

Abin da ke faruwa tsakanin hannu da haƙora

Kafin a gane dalilin da ya sa milimita biyu ke da muhimmanci, sai an san aikin da sandunan ke yi. Idan direba ya kama giya, motsi iri biyu yake yi. Motsin gefe yana zaɓar layi: na ɗaya da biyu, na uku da huɗu, ko na ribas. Motsin gaba da baya shi ke shigar da giyar. Sanduna ne ke ɗaukar waɗannan motsi biyu su kai su jikin giyabos. A ƙarshen sandunan akwai mahaɗa, galibi kan ƙarfe mai kama da ƙwallo da ke zama cikin ɗan kofi, da bushi na roba mai tauri da ke hana lilo. A motar giyar sitiyari tafiyar ta fi tsawo, mahaɗan sun fi yawa, don haka wuraren da za su iya sakwarkwacewa ma sun fi yawa.

A cikin giyabos, motsin yana isa ga wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, wanda ke tura wani zobe ya kama ƙananan haƙoran giyar da aka zaɓa. Kafin su kama, akwai wani zoben da ke daidaita gudun ɓangarorin biyu don kada su yi ƙara. Idan bushi ya cinye, ko sanda ta gaza tsawon da ya kamata, hannun direba zai kai ƙarshen tafiyarsa amma zoben bai gama hawa haƙoran ba. Mota za ta tafi, direba zai ɗauka komai lafiya. Amma duk ƙarfin inji yana bi ta bakin haƙoran ne kawai, a hankali su gugu su yi santsi. Ranar da suka gama guguwa, giya za ta fara ficewa da kanta idan aka taka ko aka saki totur. Daga nan gyaran ya tashi daga canjin bushi ya koma sauke giyabos gaba ɗaya. Direbobi da yawa sun saba tafiya hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana danne da giya, suna ganin halin tsohuwar mota ne, alhali asalin ciwon ƙaramin ƙarfe ne da bai dace ba. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida.

Dalilin da ya sa hoto ke yaudara

Manhajar gane hoto irin Google Lens tana kwatanta abin da ta gani ne da hotunan da ke intanet. Tana ƙwarewa a kan takalmi, waya ko fure, domin akwai hotunansu birjik, kowanne da suna a ƙarƙashinsa. Sandar giyar Fijo da aka harhaɗa a Kaduna ba ta da wannan gata. Hotunanta kaɗan ne, kuma yawancin waɗanda ake samu na motocin Turai ne, da bayanin Faransanci. Ban da haka, abin da ke raba sanda daidai da wadda ba daidai ba shi ne tsawo, kusurwar lanƙwasa, faɗin ƙwallo da taurin ƙarfe. Hoto ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu idan ba a ajiye ma'auni a gefe ba. Hoton da ya bi ta WhatsApp kuma an riga an matse shi, ƙananan lambobin da ke jikin ƙarfen sun narke.

Manhajojin hira sun fi haɗari, saboda sun iya magana. Aikinsu shi ne haɗa kalmomin da suka fi kama da amsa. Idan aka tambaye su lambar wani ƙarfe da ba su da cikakken bayaninsa, suna iya haɗa lamba mai kama da ta Peugeot su miƙa ba tare da wata alamar shakka ba. Matashin da ya shiga kasuwa da irin wannan lamba yana gardama da dattijon da ya shekara talatin yana kwance giyabos, ya shiga ne da jahilci mai ado.

Yana da kyau a tuna dalilin da ya sa tantancewa ke aiki a wasu wurare. Mai waya yana danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya kwatanta da ta kwali. Tun ƙarshen 2021, iPhone tana nuna tarihin wasu kayan da aka canza mata a cikin saiti, ta faɗi ko batirin na Apple ne ko ba a san shi ba. Tun 2010 NAFDAC ta kawo tsarin kankare kwalin magani a tura lamba ta saƙon tes a samu amsa. A duk waɗannan, wayar ba ita ke da ilimin ba. Akwai rumbun bayanai a wani wuri da aka zauna aka cika, waya tana leƙawa ne kawai. Giyar Fijo ba ta da irin wannan rumbu da ɗan Kano zai buɗe ya karanta da harshensa. Shi ya sa leƙen ba ya haifar da komai.

Inda waya ke da amfani na gaske

Wannan ba ya nufin a bar waya a aljihu. A hannun mai haƙuri, kayan awo ce da ajiyar shaida, kuma akwai matakan da kowa zai iya bi.

Farkon abin dubawa motar ce kanta, kafin a je kasuwa. A ɗauki hoton farantin da ke ɗauke da lambar shasi da nau'in mota, da lambar inji, da lambobin da aka buga a jikin giyabos. Tsofaffin motoci ba lalle su zo da lamba mai haruffa 17 irin ta motocin zamani ba, domin wannan tsari bai zama gama-gari ba sai daga farkon shekarun 1980. Idan lamba ta dusashe, a wanke wurin, a goga alli, a haska fitilar waya daga gefe maimakon daga sama. Hasken gefe yana fito da inuwar rubutu.

Na biyu, a san bambancin rubutun da aka zubo tare da ƙarfe da wanda aka buga daga baya. Jikin giyabos na alminiyom ne, kuma alamun da suka fito daga zubi suna tasowa sama, gefensu a mulmule. Lambar da aka buga tana nutsewa ciki. Wurin da aka goge da inji aka sake bugawa yakan yi sumul fiye da kewayensa, lambobin kuma su yi hawa da sauka. Giyabos ɗin da aka fesa wa sabon fenti mai ruwan azurfa ya cancanci a ƙara duba shi, domin fenti yana rufe tsaga da walda. Ɗan mayen ƙarfe ma yana taimakawa: ba ya kama alminiyom, yana kama sandar ƙarfe, kuma kamunsa yana raguwa a inda aka cike rami da wani abu aka shafe.

Na uku, lambar kaya. Tsohon tsarin Peugeot lamba huɗu ne, sai ɗigo, sai wasu biyu. Huɗun farko suna nuna dangin kayan. Misali, matatar baƙin mai tana ƙarƙashin 1109, kayan sarrafa giya kuma galibi suna farawa da 24. Idan leda ta ce sandar giya ce amma lambar ta dangin wani abu ce daban, magana ta ƙare. Idan lambar ta yi daidai kuwa, ba a gama ba, domin mai buga jabu ma ya iya kwafar lamba.

Na huɗu, awo. A je kasuwa da tsohon ƙarfen a hannu, a ajiye shi gefen sabon a kan farar takarda, da rula a tsakani, a ɗauki hoto daga sama sak. Ma'aunin kauri mai nuna lamba a gilashi bai kai kuɗin ƙaramar waya ba, kuma zai faɗi faɗin ƙwallo da kaurin sanda. Tsawon da ake aunawa daga tsakiyar mahaɗa zuwa tsakiyar ɗaya mahaɗar ne. Idan giyabos ne gaba ɗaya, a ƙirga tsagogin shaf ɗin gaba da ke shiga kuloci, a duba fuskar da ke haɗuwa da inji, a duba wutsiyar da ke haɗuwa da furofela.

Akwai kuma gwajin da bidiyo ya fi ido iyawa. A sa alamar alli a shaf ɗin gaba da na baya, a shigar da giya, a juya da hannu ana ɗauka. A irin wannan giyabos, giya ta huɗu kai-tsaye take: juyi ɗaya a gaba, juyi ɗaya a baya. A ta biyar, na baya ya fi na gaba sauri. A haka za a ga ko kowace giya tana shiga, ko akwai inda take cijewa, kuma mai saye ya samu shaidar halin da kayan suke ciki ranar da ya biya. Duk hoton da za a tura wa wani don shawara, a tura shi a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse shi.

Duk waɗannan matakai suna gaya wa mutum abin da ke hannunsa. Ba su gaya masa abin da ya kamata ya kasance a hannunsa ba. Wannan sai an samu abin kwatance.

Rumbun da ba a gina ba

A Sochaux ta Faransa, inda Peugeot ta yi shekaru tana ƙera motoci, akwai gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a 1988, kuma akwai sashen da ke kula da kayan gyaran tsofaffin motoci. A Jamus, Porsche ta sanar a 2018 cewa tana amfani da firinta mai fitar da abu a zahiri, wato 3D, wajen sake ƙera wasu kayan da suka ɓace, ciki har da wani ƙarfen kuloci na motar 959. Abin da ya ba su damar yin haka shi ne sun adana zane da awo. Kano ba ta da zanen, amma tana da abin da Turai ta rasa: motocin da har yanzu suke aiki, tarin kayan da aka ciro daga ɗaruruwan motoci, da mutanen da za su ɗaga sanda su ce wannan ta giyar sitiyari ce ta tsohon yayi ba tare da sun duba komai ba.

Mayar da wannan ilimi rubutu ba ya buƙatar kamfani ko tallafin ƙasar waje. Matasa biyar daga Gwammaja, Ƙofar Mazugal ko Kurna, da wayoyinsu da ma'auni ɗaya, za su iya farawa. Kowane ƙarfe ya samu shafinsa: hotuna daga kusurwa huɗu da rula a gefe, awo da milimita, lambobin da ke jiki, irin motar da aka ciro shi, da sunan da kanikawa ke kiransa. A haɗa da muryar dattijon da ya tantance shi yana bayani da Hausa, da izininsa. Manhaja irin KoboToolbox tana karɓar bayanai ko babu intanet, ta tura daga baya. Google Sheets ma ya isa a farko. Hotunan za a iya ɗora su a Wikimedia Commons, inda ba za su ɓace ba ranar da wayar wani ta faɗa ruwa ko aka rufe wani zauren WhatsApp.

Ƙa'ida ɗaya ce ba za a sassauta ba: kada a rubuta cewa ƙarfe na asali ne sai an faɗi hujja. Wanda aka ciro daga motar da aka san tarihinta daban, wanda kanikawa biyu suka yarda da shi daban, wanda ake zato daban. Duk mai rubuta manhaja ya san cewa rumbun da aka cika da shara, shara zai riƙa fitarwa. Idan an bi wannan ƙa'ida har shafuka suka yi yawa, a lokacin ne Google Lens da manhajojin hira za su samu abin koyo, kuma amsarsu ta fara yin ma'ana.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce ɓata lokaci ne, duniya ta koma motar lantarki da ta gas, wa ke ta Fijo? Amsar tana tashoshin mota da kasuwannin ƙauye, inda har yau ake ɗora mata buhuna da mutane. Muddin tana kan titi, lafiyar giyarta ta shafi har wanda ke tahowa a ɗaya hannun. Sannan tsarin da aka gina don Fijo shi ne dai zai yi wa tsohuwar Marsandi, Golf, babur mai ƙafa uku, har da allon waya aiki. Fijo wurin koyo ce mai kyau saboda nau'o'inta suna da iyaka kuma masananta suna kusa.

Wani zai ce ɗan kasuwa ba zai ba da sirrin cin abincinsa ba. Wannan suka ce mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Wanda ya yi shekaru yana bauta a gareji kafin ya san abin da ya sani yana da haƙƙin ya tambayi me zai samu. Amma wanda rashin bayani ya fi cuta shi ne ɗan kasuwa mai gaskiya, domin kayansa masu tsada suna gogayya da jabun da ke ɗauke da suna iri ɗaya. Rumbun da ke ambaton wanda ya tantance kowane ƙarfe talla ce gare shi, kuma zai kawo masa masu saye daga Maraɗi, Damagaram da Legas. Sharaɗin shi ne matasa su je da ladabi, su ce Baba a koya mana, kada su je da waya a sama kamar masu binciken laifi.

Akwai kuma masu ganin cewa wannan yaƙi ne da kayan gida. Ba haka ba ne. Masu sassaƙa ƙarfe da inji da masu walda na Kano su suka riƙe Fijo a kan titi bayan masana'anta ta daina. Bushin da aka sassaƙa a Kano bisa awo daidai ya fi na asali da ya shekara arba'in ya bushe ya tsattsage. Abin da ake nema kawai a kira shi da sunansa, a saye shi da farashinsa. Hasali ma, su ne za su fi cin moriyar rumbun, domin za su samu awon asali maimakon kwafar ƙarfen da ya riga ya cinye. Iyaka dai a san inda za a tsaya: bushi na roba ana iya gwada fitar da shi da firintar 3D, amma sandar da rayuka suka dogara da ita ba wurin gwaji ba ce.

Lokaci ne ba ya jira

Kullum ana yanka tsofaffin Fijo ana auna su a kilo, giyabos ɗin alminiyom ya tafi wurin masu narka tukwane. Kanikawan da suka koyi aiki lokacin da Kaduna ke fitar da motar sabuwa fil yanzu dattawa ne, yaransu kuma sun koma kan Toyota da Honda, inda kasuwa take. Ƙarfen da ba a auna ba kafin a narka shi ya tafi ke nan, haka ma bayanin da ba a naɗa ba kafin mai shi ya kwanta dama.

Matashin da zai sayi kayan giya a wannan makon ya tafi da tsohon ƙarfensa, da rula, da bakaniken da ya yarda da shi, ya kuma tambayi mai shago wace orijina yake nufi cikin ukun. Wanda ya iya rubuta manhaja kuma yana neman aikin da zai nuna ƙwarewarsa, ba sai ya kwaikwayi wata manhajar Amurka ba. Daga Gidan Mambayya zuwa Ƙofar Ruwa tafiya ce kaɗan, kuma a can akwai bayanan da babu wani kamfanin fasaha a duniya da yake da su. Ya fara da sanda ɗaya: ya auna, ya ɗauki hoto, ya naɗi muryar wanda ya san ta, ya rubuta hujja.